Tambayoyi da amsoshi kan wanke man sitiyari da man ƙafar haidirolik

Akwai mai iri biyu a jikin mota da mutanenmu ba su cika tunawa da su ba sai ranar da suka kawo matsala. Kowa ya san lokacin juye baƙin mai, wasu ma har man giya suna kula da shi. Amma man sitiyari, da man da ke ɗaga motoci irin su Lexus LX470 da Land Cruiser da wasu Marsandi, sai ka tarar tun wanda aka zuba a masana'anta ne yake zagayawa shekara ashirin. Ga tambayoyin da masu motoci suka fi yi a kan wannan, da amsoshinsu.

Malam, ai ina ƙara man sitiyari duk sanda ya yi ƙasa. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma tambayar taka ta tono wata matsala daban. Man sitiyari ba ya ƙonewa, ba ya tafiya ko'ina. Idan yana yin ƙasa, to yoyo yake yi a wani wuri, ko a bakin tiyo, ko a robar famfo, ko a cikin rak ɗin sitiyari, wato sandar da ke tura tayoyin gaba dama da hagu, inda robar da ke rufe gefensa take ɓoye man har sai ta cika ta fashe. A nemo wurin a gyara.

Ƙari kuwa sabon mai ne kaɗan kake zubawa a kan tsoho mai yawa. Kofin da kake gani a ƙarƙashin bonet ɗan kaso ne kawai yake riƙewa. Sauran man yana cikin famfo, da tiyo, da rak, da bututun sanyaya mai idan motar tana da shi. Wankewa ita ce a tura sabon mai ya koro tsohon daga duk waɗannan wurare har sai abin da ke fita ya yi kalar abin da ke shiga.

To me ke lalata man tunda ba ƙonewa yake yi ba?

Zafi da gari. Famfon sitiyari yana matsa mai da ƙarfin da kan kai ba 100 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) ko fiye idan ka murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma duk matsawa zafi ce. Zafin yana dafa man a hankali, ya cinye sinadaran da aka sa masa don hana kumfa da tsatsa da cin ƙarfe. Sannan famfon kansa yana goge jikinsa, tiyo yana zubar da ɗan baƙin garin roba daga ciki, duk su gauraya a man. Daga nan man da aka sa don ya kare ƙarfe sai ya koma yana cin sa.

A ƙasarmu abin ya fi sauri. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ga cunkoson gari inda direba ke ta murɗa sitiyari mota na tsaye, ga ƙurar hunturu da ke shiga duk sanda aka buɗe murfin kofi ba a goge bakinsa ba. Ƙari a kan haka, yawancin motocin da muke saye sun riga sun yi rabin rayuwarsu a Turai ko Amurka kafin su sauka Kwatano ko Legas.

Ta yaya zan gane lokacin sauyawa ya yi?

Ɗiga man a kan farar takarda. Idan ya koma baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ko yana warin ƙuna, ko ka murza shi a yatsa ka ji tsakuwa-tsakuwa, ya gama aiki. Famfo mai kuka idan ana juyawa, da sitiyari mai tauri da safe sannan ya saki idan inji ya ɗumama, su ma alamu ne.

Kamfanoni da yawa ba su rubuta wa'adin sauya man sitiyari a littafin mota ba. A ganina, a yanayinmu, duk shekara biyu zuwa uku ya dace, kuma duk wanda ya sayi mota ta hannu ya sauya a watan farko, domin bai san abin da mai ita na baya ya zuba ba.

Wane mai zan saya? Makanikena ya ce duk jan mai ɗaya ne.

A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da zan zaɓi abu ɗaya da mai mota zai riƙe daga duk wannan bayani, wannan ne. Ba ɗaya ba ne. Kala rini ce kawai da kamfani ya sa. Abin da ya bambanta mai da mai shi ne kaurinsa, da asalin abin da aka yi shi da shi, da irin robar da aka ƙera ta jure shi.

Tsofaffin Toyota, irin Camry da Corolla da Hilux na shekarun baya, man giya na ATF nau'in Dexron II ko III suke sha a sitiyari, kuma sau da yawa an rubuta hakan a kan murfin kofin. Daga nan ne makanikai da yawa suka ɗauka cewa ATF na kowa ne, saboda Toyota ta fi yawa a garejinsu. Honda ba haka take ba. Accord da Civic da CR-V masu famfon sitiyari suna da nasu man na Honda, kuma zuba musu ATF yana jawo kukan famfo da yoyon roba bayan wani lokaci. Volkswagen, har da Golf ɗin da ta cika titunan Kano, da Audi da wasu Marsandi da BMW masu famfon sitiyari, siririn mai kore suke so, wanda aka fi sani da sunan Pentosin CHF 11S ko wanda ya yi daidai da shi.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya: duba murfin kofi, duba littafin motar, ko ka ba mai sayar da kaya lambar jikin motar ya duba. Idan ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka je da sunan man a rubuce, ka duba hatimin murfin robar bai taɓa buɗuwa ba. Man da aka ɗura a tsohuwar gora aka ce maka "shi ne dai", kada ka karɓa komai arharsa.

Kuma kada a gauraya iri biyu. Idan an riga an gauraya, wannan kansa dalili ne na wankewa.

Na duba ko'ina ban ga kofin man sitiyari a motata ba.

Mai yiwuwa sitiyarinka na lantarki ne, ba ya shan mai sam. Corolla ta Amurka daga 2009, Camry daga 2012, da Accord daga 2013 duk haka suke. Sai dai akwai na tsaka-tsaki kamar Peugeot 307, wadda famfonta lantarki ke juya shi amma da mai yake aiki, kofin kuma a haɗe yake da famfon a ɓoye ƙasa-ƙasa. Irin wannan tana buƙatar sauyi kamar kowace.

Yaya ake wanke man sitiyari yadda ya kamata?

Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a bakin kofi. A tanadi sabon mai kamar lita biyu, da babban sirinji, da tiyo mai gani-garau, da gorar tara tsohon mai.

Da farko a goge kofin da kewayensa tas, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayawa a bawul ɗin famfo. A ɗaga gaban motar tayoyi su bar ƙasa, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ba jak kaɗai ba. A zuƙe tsohon man da ke cikin kofi. Tiyo biyu ne ke shiga kofin: mai kauri wanda ke kai mai ga famfo, da siriri wanda ke dawo da shi daga rak. Siririn za a cire, a toshe bakin da ya bari a jikin kofi, a ƙara masa tsawo da tiyo mai gani-garau zuwa cikin gora.

Sai a cika kofi da sabon mai. Ba tare da an tayar da inji ba, na ciki ya riƙa murɗa sitiyari a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu. Rak ɗin da kansa zai riƙa tura tsohon mai cikin gora yana jan sabo. Na waje aikinsa ɗaya: kada ya bar kofi ya ƙafe. A ci gaba har man da ke bi ta tiyon ya yi haske.

Wasu suna tayar da inji don a gama da wuri. Yana yiwuwa, amma famfo yana kwashe kofin cikin daƙiƙu kaɗan, kuma idan ya sha iska babu mai, yana iya samun lahanin da ba ya gyaruwa. Ni na fi son hanyar inji a kashe. Ta fi jinkiri amma ba ta da kasada.

Kafin a mayar da tiyo, a leƙa gindin kofin. Motoci da yawa suna da rariya a ciki, kuma idan ta toshe famfo zai yi ta kuka ko da man sabo ne. Wasu kofunan ana wanke su, wasu sai dai a sauya. Tsofaffin Marsandi irin V-boot suna da matata ta musamman a cikin kofin wadda ake cirewa a sa sabuwa, kuma ba ta da tsada.

Bayan an haɗa komai, a cika, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin inji a kashe, sannan a tayar, a sake murɗawa, a duba kumfa. Kada a danne sitiyari a ƙarshensa fiye da daƙiƙa biyar.

Akwai kuma hanyar wanda ba ya son cire tiyo: a zuƙe kofi, a cika, a yi yawo da motar kwana biyu, a maimaita sau uku ko huɗu. Ba ta kai ta farko ba, amma ta fi barin man haka nan nesa ba kusa ba.

An sauya min mai, sai kuka ya ƙaru. An ɓata min famfo ke nan?

Yawanci iska ce ta rage a layi. Leƙa kofin: idan man ya yi kumfa ko ya yi fari-fari, kashe inji ka bar shi ya kwanta kamar rabin sa'a, ka sake murɗa sitiyari inji a kashe. Idan kumfar tana dawowa kullum, famfo yana shaƙar iska ta wani wuri a tiyon da ke kawo masa mai. A motocin Honda akwai wata ƙaramar zoben roba a bakin shigar famfo da ta shahara da wannan. Ta taurare, iska ta shiga, famfo ya yi ta kuka musamman da sanyin safiya. An sha sauya famfo lafiyayye a kan wannan robar.

Ita kuma ƙafar haidirolik mece ce, kuma waɗanne motoci ne ke da ita?

Ƙafa ce da mai ke ɗauke da nauyin motar, ko wani kaso nasa, maimakon sifirin ƙarfe kaɗai. Mai ba ya matsuwa, don haka shi kaɗai ba zai ba da taushi ba. Taushin yana fitowa ne daga wasu ƙwallayen ƙarfe da aka raba cikinsu biyu da fatar roba: gefe ɗaya iskar naitirojin ce a matse, ɗaya gefen mai. Taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, man ya tura fatar, iskar ta matsu ta dawo. Famfo kuma yana ƙara mai ko rage shi don ɗaga motar ko sauke ta.

Kamfanin Citroën na Faransa ne ya shahara da wannan, da injiniyansa Paul Magès, kuma motar DS da aka nuna a Paris a 1955 ce ta kai shi duniya. Rolls-Royce ma ta karɓi lasisin fasahar. Marsandi ta sa irinsa a bayan motocinta masu dogon baya, don kada gindi ya zauna idan an yi lodi, sannan a 1999 ta fito da tsarin ABC a kan CL, daga baya manyan S-Class da SL. Wanda ya fi shafarmu shi ne AHC na Toyota, wanda ya zo da Lexus LX470 a 1998, yana kuma kan wasu Land Cruiser 100 da LX570. Duk wanda ya ga maɓallin ɗaga mota da sauke ta kusa da giya a waɗannan motoci, shi ne.

A lura, ba kowace mota mai ɗaga kanta ce ta mai ba. Range Rover da Marsandi masu Airmatic balan-balan na iska suke amfani da shi, babu man da za a wanke.

Man sitiyari da na ƙafa abu ɗaya ne?

Ya danganta da motar. A tsofaffin Citroën kamar CX da BX da Xantia, tanki ɗaya ne ke ciyar da ƙafa da sitiyari har da birki, da koren mai da ake kira LHM. Sauya shi sauya duka ne. C5 ta koma wani mai ruwan lemo mai suna LDS, aka raba birki daban. A Marsandi masu ABC famfon tagwaye ne a jiki ɗaya, bel ɗaya ke juya su, man ma CHF 11S ne duka biyun, amma kowanne da kofinsa, kuma wanke ɗaya ba ya wanke ɗayan. A LX470 kuwa babu abin da ya haɗa su: sitiyari ATF, ƙafa kuma man AHC na Toyota, da famfonsa na lantarki daban.

Alhaji ya ba ni LX470 ɗinsa in kai a sauya man ƙafa. Me ya kamata in ga makanike yana yi?

Wa'adin da aka saba bi shi ne mil 60,000, wato kusan kilomita 100,000. Man ana sayar da shi a gwangwanin Toyota mai lita 2.5, ɗaya kan isa idan an yi a tsanake, amma gara a riƙe ƙari.

A shimfiɗaɗɗen wuri za a yi. Za a sauke motar zuwa matakin ƙasa, domin a nan ne mafi yawan man ke komawa tanki. A kashe inji, a zuƙe tankin, a cika da sabo. A tayar da inji, a rufe ƙofofi duka saboda tsarin ba ya motsi idan ƙofa na buɗe, a ɗaga motar zuwa matakin tsakiya, a jira famfo ya yi shiru, a kashe.

Wuraren fitar da mai biyar ne: ɗaya a jikin doguwar ma'ajiyar matsi da ke manne da ƙarfen shasi ta gefen hagu, huɗu kuma kusa da ƙwallon kowace taya. A sa tiyo a bakin kowanne kafin a kwance, a kwance a hankali, a ɗaure kafin ya gama tsiyaya. Tsakanin zagaye da zagaye a ƙara mai a tanki, a tayar da inji motar ta koma tsayinta. Tsohon man yakan fito baƙi ƙirin da kumfa. Idan an gama, man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa motar tana matakin tsakiya.

Makaniken da ya zuƙe tanki kawai ya cika ya ce an gama, bai taɓa dattin da ke ƙafafuwa ba.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai, kuma na rai ne. Da zarar an kwance bakin fitar mai na kusa da taya, wannan ɓangaren motar yana sauka nan take, mota ce kuma mai nauyin fiye da tan biyu. Kada kowa ya sa kansa ko ƙirjinsa ƙarƙashinta sai a kan rami ko an tokare shasi da ƙarfe. Yaran gareji su ne suka fi shiga wannan haɗari, domin su ake turawa ƙasa ba a yi musu bayani ba. Oga, ka gaya wa yaronka abin da zai faru kafin ya kama sufana.

Na biyu matsi ne. ABC na Marsandi yana aiki da matsin da ya kai kusan ba 200, kuma yana nan a layi ko bayan an kashe inji. Man da ya tsarto ta ƙaramin huji da irin wannan ƙarfi yana huda fata, rauni ne na asibiti nan take ko da a ido ƙarami ne. Kada a nemi yoyo da yatsa, a sa kwali. ABC kuma ba aikin gwaji ba ne: yana buƙatar sabuwar matata da kwamfutar da za ta sa motar ta riƙa rangaji don tsohon mai ya fito daga kowace ƙafa.

Na sauya man amma motar tana nan tana tsalle, tana dukan baya a kan gargada.

To ƙwallayen ne suka mutu. Iskar naitirojin tana sulalewa ta jikin fatar a hankali cikin shekaru, ko fatar ta yage gaba ɗaya; idan babu iska, mai ne zalla a layi, motar kuma ta koma kamar amalanke. Sabon mai ba ya dawo da iskar da ta tafi.

Akwai gwaji mai sauƙi a LX470. Jikin tankin yana da layuka-layuka. Sauke motar ƙasa ka lura inda man ya tsaya, ɗaga ta can sama ka sake dubawa, ka ƙirga layukan da ke tsakani. Sababbin ƙwallaye suna ba da kusan 14. Idan ya gaza 7, sun gama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, abin da ke kama da shakazoba a wannan mota ba shakazoba ba ce irin ta sauran motoci. Sanda ce kawai mai tura mai. Aikin tausasa tafiya yana can wajen ƙwallo da bawul ɗinsa. Don haka sauya ta ba ya maganin tsalle, sai idan ita ce ke yoyo sosai.

Makanike ya ce in cire AHC ɗin gaba ɗaya a sa min shakazoba da sifirin na gargajiya. In yarda?

Kada ka yi saurin yarda. Na san dalilin da ya sa ake ba da wannan shawara: kayan gargajiya suna ko'ina, kowane makanike ya iya su, kuma wanda ke yawan shiga daji nesa da gari yana da hujjar son abin da za a gyara masa a kowane ƙauye. Ga irin wannan mutum, cirewa zaɓi ne mai ma'ana, muddin an sauya har da sandunan murɗa na gaba (su ne ke aikin sifirin a gaba) da sifirin baya zuwa masu ƙarfi, domin na AHC an yi su da laushi ne tunda mai na taya su ɗaukar nauyi.

Amma mafi yawan waɗanda aka cire ba su mutu ba. Abu uku ne ke damunsu: tsohon mai, matattun ƙwallaye, da sifirin da ya gaji. Na ukun shi ne ba a cika dubawa ba. Idan ƙarfen ya saki, nauyi ya koma kan mai, matsi ya hau, tafiya ta yi tauri, motar ta ƙi hawa sama idan an ɗauki mutane. Ana auna wannan matsin da kwamfuta, na gaba ya kamata ya kasance kusa da megafaskal 6.9 (wato ba 69), kuma sau da yawa ƙara ɗaurin sandunan gaba da sauya sifirin baya ne maganin. Wani lokaci kuma na'urar auna tsayi ce ta ci tsatsa take ba kwamfutar motar labarin ƙarya. Ka nemi wanda zai auna maka waɗannan kafin a sa hannu a cire abin da shi ne ya sa motar take tafiya yadda take tafiya.

An zuba man birki a tankin AHC bisa kuskure. Yaya za a yi?

Kada a tayar da inji, kada ma a murɗa makulli. Idan famfo bai ja shi ba, a zuƙe tankin, a cire shi a wanke, a zuba man da ya dace, an tsira. Idan kuwa an yi tafiya da shi, man birki yana kumbura robobin da aka yi don man ma'adini, har da fatun ƙwallaye, kuma wanki kaɗai ba lallai ya isa ba. A wanke sau da yawa cikin gaggawa, sannan a shirya sauya ƙwallaye da duk robar da ta fara yoyo. Haka abin yake ga Citroën mai LHM. Kuskuren yana faruwa ne saboda tankunan sun yi kama, musamman a wajen wankin mota ko gidan mai inda yaro ke son ya kyautata maka. Ka rubuta sunan man da alƙalami mai kauri a kan murfin.

Tsohon man fa, ina za a kai shi?

Kada a zubar a kwata ko a ƙasa, yana gangarawa rijiyoyin unguwa. A tara shi a jarka mai murfi a haɗa da tsohon baƙin mai a ba masu karɓa, amma ban da wanda ya gauraya da man birki, shi a ware shi daban. Kuma kada a ɗura shi a gorar lemo ko ta ruwa a ajiye inda yara ke wasa; jan ATF da koren CHF duka suna kama da abin sha.